Eddie Van Halen: Sarkin jitar da masoya suka yi wa zaman makoki a bakin titi

Kun sha jin kiɗansa a waƙar Michael Jackson da finafinan Holiwud, ko da ba ku san sunansa ba. Da ya mutu, manyan masana'antar waƙa daƙiƙa 15 suka ba shi. Masoyansa kuwa suka ce ba su yarda ba.

Ranar Talata, 6 ga Oktoba, 2020, wani saurayi ɗan shekara 29 mai suna Wolfgang Van Halen ya rubuta ɗan gajeren saƙo a shafinsa na Twitter, wanda yanzu ake kira X. Abin da saƙon ya ƙunsa shi ne mahaifinsa, Edward Lodewijk Van Halen, ya cika da safiyar ranar bayan doguwar jinyar ciwon daji. Ya ce bai taɓa fatan samun uban da ya fi shi ba, kuma ba ya jin raɗaɗin wannan rashi zai taɓa barinsa gaba ɗaya.

Kafin rana ta faɗi a jihar Kaliforniya ta Amurka, labari ya karaɗe duniya. Gidajen rediyo masu sa kiɗan rok suka dinga jero waƙoƙin mamacin. Manyan mutane masu furfura, waɗanda suka yi samartaka da kiɗansa, suka dinga fitowa a intanet suna cewa kuka suke yi kamar yara. Mujallar Billboard ta ruwaito cewa a wannan rana kaɗai an sayi faifai da waƙoƙin ƙungiyarsa har 40,000 a Amurka, alhali kwana ɗaya kafin nan abin da aka saya bai kai 1,000 ba.

Mun san mai karatu zai ce, to wane ne kuma wannan? Mu da muka saba da labarin jarumai da mawaƙa, me ya haɗa mu da wani makaɗin jita? Tsaya ka ji. Wataƙila ka daɗe da sanin sa, sunan ne kawai ba a faɗa maka ba.

KIƊAN DA KOWA YA SANI

Duk wanda ya san Michael Jackson ya san waƙarsa mai suna Beat It, wadda a bidiyonta 'yan daba biyu ke zagaya juna da wuƙaƙe kafin Michael ya shiga tsakani. Ka tuna wurin da murya ke tsayawa a tsakiyar waƙar, sai wata jita ta ɓarke da kuka da gudu na kusan rabin minti, kamar za ta tsaga lasifika? To, ai hannun Eddie ke nan.

Yadda abin ya faru ma abin dariya ne. A 1982, lokacin da ake haɗa faifan Thriller, furodusan Michael, wato Quincy Jones, ya buga wa Eddie waya. Shi kuwa gogan naka ya ɗauka wani ne ke masa iya shege, sai ya zazzage shi ya kife wayar. Sai daga baya ya gane ashe Quincy ɗin ne da kansa. Ya je sutudiyo, ya saurari waƙar, ya sa injiniya ya ɗan sauya tsarin wurin da zai yi kiɗan, ya kaɗa abinsa, ya yi tafiyarsa. Ko sisin kwabo bai karɓa ba. Ya ce alfarma ya yi, kuma a tunaninsa babu ma wanda zai gane shi ne, tunda 'yan ƙungiyarsu sun yi yarjejeniyar babu mai yi wa wani aiki a waje.

Ina! Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sautin Eddie ba ya ɓuya. Shi da bakinsa ya ba gidan talabijin na CNN labari a 2012 cewa wata rana yana cikin kantin sayar da faifai aka sa waƙar, sai ya ji wasu samari suna tsaki suna cewa ji wani yana son kwaikwayon Eddie Van Halen. Ya dafa kafaɗar ɗayansu ya ce masa ai shi ne da kansa.

Thriller ya zama faifan da ya fi kowanne ciniki a tarihin duniya, Beat It kuma ta ci kyautar Grammy. Babban abin mamakin shi ne, da ƙungiyar Van Halen ta fitar da nata faifan mai suna 1984 a watan Janairu na shekarar 1984, sai ya maƙale a mataki na 2 a jerin ciniki na Amurka. Wa ya tare masa hanya? Thriller ɗin da Eddie ya yi wa aiki kyauta! A bidiyon Beat It kuwa ko inuwarsa ba a nuna ba.

DALA 50 DA FIYANO ƊAYA

An haifi Eddie a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a ranar 26 ga Janairu, 1955. Mahaifinsa Jan Bature ne mabushi kuma makaɗin fiyano. Mahaifiyarsa Eugenia kuwa ruwa biyu ce, haifaffiyar tsibirin Java na Indunusiya. A wancan zamani Turawan Holan ba su ɗauki irinta a bakin komai ba, wannan na cikin abin da ya sa iyalin suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka a 1962. Eddie ya sha faɗa cewa abin da suka sauka da shi dala 50 ne da fiyano guda. Suka yada zango a garin Pasadena, kusa da Los Angeles. Uban da ke da sana'ar busa ya koma shara da goge-goge, uwa kuma aikatau a gidajen mutane.

Eddie da yayansa Alex suka shiga makaranta ba su jin Turancin Ingilishi ko kalma ɗaya. Ya taɓa ba da labarin cewa yaran Turawa ne ke cin zalinsa, suna yaga masa takardun aikin gida, yara baƙar fata ne ke tare masa faɗa. Abokansa na farko a Amurka baƙaƙe ne.

Iyayen sun so yaran su zama makaɗan fiyano irin na gargajiyar Turai, don haka aka sa su gaban malami tun suna ƙanana. Eddie ya lashe gasar fiyano ta yara fiye da sau ɗaya, amma akwai sirrin da ya ɓoye: bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Kallon yatsun malam kawai yake yi, ya haddace da kunne. Asiri bai tonu ba sai ranar da malamin ya ce ya dinga buɗe masa shafi yana kaɗawa, yaro ya rasa inda aka kai.

Da kiɗan rok ya shigo, Eddie ganguna ya zaɓa, Alex ya ɗauki jita. Eddie ya shiga aikin rarraba jarida gida-gida don ya biya kuɗin gangunan. Yana can yana yawon jarida, yaya na gida yana dukan kayan ƙane, har ya fi shi iyawa. Da Eddie ya ga haka sai ya yi fushi ya ce to shi ke nan, riƙe gangunan, ba ni jitarka. Wannan musaya ta cikin fushi ita ta sauya tarihin kiɗan rok.

A 1974 suka haɗu da mawaƙi David Lee Roth da makaɗin jitar bes Michael Anthony, suka sa wa ƙungiyar sunan gidansu, Van Halen. Wasansu na farko-farko a bayan gidajen mutane suke yi a Pasadena, matasa su cika unguwa maƙil, maƙwabta su kira 'yan sanda a zo a tarwatsa taro. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

JITAR HAƊE-HAƊE

A 1977 kamfanin Warner Bros. ya ɗauke su, faifansu na farko ya fito a watan Fabrairu 1978. A ciki akwai wani kiɗa mai suna Eruption, wato aman dutse mai wuta. Tsawonsa minti 1 da daƙiƙa 42 ne kacal, babu waƙa a ciki ko baiti ɗaya, kusan jita ce zalla. Asali ma ba a shirya sa shi ba. Eddie na motsa hannu ne a sutudiyo, furodusa Ted Templeman ya ji, ya ce maza a naɗa.

Da faifan ya shiga kasuwa, makaɗa suka rasa gane abin da suke ji. A al'ada, kamar dai mai gurmi ko garaya, hannu ɗaya ke danne tsirkiya a wuyan jita, ɗayan ya kaɗa a cikinta. Shi kuwa Eddie sai ya kai hannun kaɗawar can kan wuyan, yana ƙwanƙwasa tsirkiya da ɗan yatsa, hannu biyu suna aiki wuri guda. Sai sauti ya dinga zubowa da gudu kamar mutum biyu ne ke kiɗan. Gaskiya ba shi ya fara wannan salo ba, wasu sun taɓa shi kafin shi, amma shi ya mayar da shi yare guda, har kowane yaro mai koyon jita ya ce sai ya iya. Kafin su yi suna, Alex kan ba shi shawarar ya juya wa 'yan kallo baya in ya zo wurin, don kada a sace masa fasaha.

Ita kanta jitar tasa labari ce. Ya duba kasuwa bai ga irin wadda yake so ba, sai ya sayi gangar jita mai ɗan aibu a kan dala 50, ya sayi wuya a kan dala 80. Ya fafe katakon da kurfi, ya cusa maganaɗisun ɗaukar sauti da ya ciro daga jitar kamfanin Gibson a jiki mai siffar ta kamfanin Fender. Ya nannaɗe ta da salatif ya fesa fenti, ya ɓare, sai ga zane-zanen layuka baƙi da fari, daga baya ya ƙara ja. Aka yi mata laƙabi da Frankenstrat, daga sunan Frankenstein, likitan nan na finafinan ban tsoro da ya haɗa dodo da sassan gawarwaki. Jitar da aka haɗa da dala 130 ita ce aka baje kolinta a babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York a 2019, kwafinta kuma yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

Faifansu na farko da na 1984 kowanne ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Waƙarsu Jump, wadda Eddie ya kaɗa da fiyanon lantarki, ta hau mataki na 1 a 1984. Da Roth ya bar su a 1985 aka ɗauka ƙungiya ta mutu, sai suka ɗauko Sammy Hagar, suka jero faifai 4 kowanne ya hau mataki na 1.

SHI DA FINAFINAI

Masu kallon finafinan Amurka, ga naku. A fim ɗin Back to the Future na 1985, jarumi Michael J. Fox ya fito a matsayin Marty, yaron da mota ta mayar da shi shekarar 1955. Akwai fitowar da ya sa rigar kariya mai ruwan ɗorawa, ya lallaɓa ɗakin mahaifinsa, wanda a lokacin saurayi ne, ya maƙala masa abin sauraro a kunne yana barci, ya saki wata ƙara mai firgitarwa, ya ce shi baƙo ne daga wata duniya. In ka lura da kaset ɗin da ya sa, sunan Edward Van Halen ne a rubuce a jiki. Shekaru aka yi ana gardamar ko shi ne ya kaɗa, sai a 2012 ya tabbatar da cewa shi ne. Ka ga kuma 1955 ɗin ita ce shekarar da aka haife shi.

A fim ɗin Twister na 1996, wanda aka yi kan masu bin sawun guguwa, ƙungiyar ta yi waƙar Humans Being. Darakta Steven Spielberg kuma da Jump ya buɗe fim ɗinsa Ready Player One na 2018. Hatta 'yan ƙwallo ba a bar su a baya ba: ƙungiyar Marseille ta Faransa ta mayar da Jump kiɗan fitowar 'yan wasanta fili tun shekarun 1980.

Matarsa ta farko ma 'yar wasa ce, Valerie Bertinelli, tauraruwar wasan talabijin na One Day at a Time. Sun yi aure a 1981, suka haifi ɗa guda a 1991, aka sa masa Wolfgang don tunawa da shahararren makaɗin nan Mozart. Auren ya mutu a 2007, Eddie ya auri Janie Liszewski a 2009.

TABA, GIYA DA JINYA

Duk wanda ya ga hoton Eddie a dandamali zai ga murmushi har kunne, sau da yawa kuma ga karan sigari a soke a kan jitar yana hayaƙi. Bayan wannan murmushi akwai wahala. Ya ce tun yana ɗan shekara 12 ya fara shan taba da giya, kuma kunya da tsoron taro ne suka tura shi. Abin ya bi shi har girma, ya ɓata masa aure, ya haɗa shi faɗa da abokan aiki. A 2007, ranar da aka shigar da ƙungiyarsu zauren karrama gwarzayen kiɗan rok na Amurka, babu shi a wurin, yana gidan gyaran masu shaye-shaye. Sai a 2008 ya rabu da kwalba.

Kafin nan jiki ya riga ya karɓi saƙo. A 1999 aka yi masa aikin sauya ƙashin ƙugu. A 2000 aka gano ciwon daji a harshensa, aka yanke kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi dai ya dage cewa 'yan ƙarafan kaɗa tsirkiya da yake riƙewa a baki ne suka jawo masa, amma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa taba da giya su ne kan gaba wajen haddasa irin wannan ciwo. Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a shi ne na dandalin Hollywood Bowl, ranar 4 ga Oktoba, 2015, ɗansa na gefensa yana kaɗa bes, yayansa na baya a kan ganguna.

Bayan rasuwar ne Wolfgang ya fasa ƙwai. Ya ce a ƙarshen 2017 likitoci sun gano ciwon daji a huhun mahaifin nasa, ya riga ya yi nisa, suka ce saura mako 6. Ya dinga zuwa Jamus neman magani, aka samu ƙarin kusan shekara 3. A 2019 kuma aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa. Yawancin wannan masoya ba su sani ba, suna can suna jiran a ce ga sabon wasa. Ya cika a wani asibiti a Santa Monica yana da shekara 65. A bakin gadonsa akwai matarsa Janie, da ɗansa, da yayansa Alex, har da tsohuwar matarsa Valerie.

MAKOKI A ZAMANIN KORONA

To, a nan ne abin tausayin yake. Mutuwar ta zo a tsakiyar annobar korona, lokacin da cutar ta riga ta kashe fiye da mutum 200,000 a Amurka. An rufe gidajen wasa, an hana taro. Mutumin da ya shekara 40 yana tara dubban jama'a wuri guda, ga shi ya mutu babu halin mutum ɗari su taru su yi masa bankwana. Kabarin da za a ziyarta ma babu, don ƙona gawar aka yi aka miƙa wa ɗansa tokar, kamar yadda wasu ke yi a can.

Sai masoya suka nema wa kansu wurin zaman makoki. A Pasadena akwai wani gefen titi kusa da wani kanti, inda tun zamanin ƙuruciyar 'yan gidan aka rubuta sunan Van Halen a jikin ɗanyen siminti, ya bushe da shi. Nan mutane suka dinga zuwa da takunkumi a fuska, suna ajiye furanni da kyandir da hotuna da wasiƙu. Wasu suka nufi ƙofar ɗan ƙaramin gidan da ya tashi a ciki. Wasu suka tafi titin Sunset a Holiwud, gaban kantin kayan kiɗa na Guitar Center, inda shatin tafin hannunsa yake a siminti. Waɗanda ke nesa kuwa, daga Japan har Brazil, kowa ya ɗauko jitarsa a ɗaki ya kaɗa abin da ya iya na Eddie ya sa a intanet, gwani da ɗan koyo.

Abokan sana'a ma sun yi ta aiko da ta'aziyya: Quincy Jones, Gene Simmons na ƙungiyar Kiss wanda ya fara ɗaukar nauyin naɗar gwajinsu a 1976, Brian May na Queen, da sauransu. Kwana 4 da rasuwar, makaɗi Jack White ya fito a shirin talabijin na Saturday Night Live riƙe da jita samfurin Eddie.

Amma labarin da ya fi taɓa zuciya na tsofaffin abokan tafiyarsa ne. Sammy Hagar, wanda suka shekara da shekaru ba sa ga-maciji, ya bayyana cewa a farkon 2020 sun shirya a asirce, suna ta musayar saƙon waya, ɗan wasan barkwanci George Lopez ne ya haɗa su. Shi kuwa Michael Anthony, wanda aka maye gurbinsa da Wolfgang a ƙungiyar, ya ce su ba su samu wannan dama ba, mutuwa ta riga su. Ka ji fa. Mai gaba da wani, ga darasi kyauta.

Shi kansa Eddie ya san yadda ake girmama mamaci. A ranar 8 ga Disamba, 2004, wani ɗan bindiga ya hau dandamali a birnin Columbus na jihar Ohio ya harbe Dimebag Darrell, tsohon makaɗin jitar ƙungiyar Pantera, yana tsakiyar wasa. Darrell masoyin Eddie ne na gani-kashe-ni, kuma makonni kaɗan kafin nan ya nuna sha'awar samun kwafin wata jitarsa mai zanen baƙi da ruwan ɗorawa, wadda ke bayan faifan Van Halen na biyu. Ranar jana'iza sai ga Eddie da jitar, ta ainihin ba kwafi ba. Da ita aka binne Darrell.

DAƘIƘA 15

A ranar 14 ga Maris, 2021, aka yi bikin Grammy, wanda shi ne taro mafi girma na masana'antar waƙa a Amurka. Da aka zo tuna waɗanda suka mutu, mawaƙa 4 aka yi wa cikakken wasa: Little Richard, Kenny Rogers, John Prine da Gerry Marsden. Shi kuwa Eddie, jitarsa aka jingine a dandamali, aka haska ta, aka nuna ɗan guntun tsohon bidiyonsa yana kiɗa, aka wuce.

Kashegari intanet ta kama da wuta. Wolfgang ya fito ya yi bayani. Ya ce masu bikin sun nemi ya zo ya kaɗa Eruption, shi ya ƙi, don a ganinsa babu mai iya taka sawun mahaifinsa a wannan kiɗa. Amma bai zaci daƙiƙa 15 kawai za a ba shi ba, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ko sunansa ba a ambata ba lokacin da ake maganar waɗanda aka rasa a farkon shirin.

Masoya da dama sun fassara abin da cewa duk waɗancan 4 masu murya ne, su ke riƙe makirufo a gaba. Makaɗi kuwa, komai gwanintarsa, a gefe yake tsayawa. Mai waƙa ake tafa wa, mai kiɗa a ce an gode.

GARIN DA YA KORE SU YA KARRAMA SU

Abin da manya suka gaza, ƙanana suka yi. A ranar 26 ga Janairu, 2021, ranar da da zai cika shekara 66, aka buɗe wani katafaren zanensa a bangon Guitar Center na Holiwud, aikin mai zane Robert Vargas, wanda shi ma masoyinsa ne tun yana yaro.

A Pasadena kuma wasu mata biyu 'yan garin suka buɗe asusun neman taimako a intanet, masoya daga ƙasashe daban-daban suka dinga jefa abin da ya sawwaƙa. Suka yi ta zarya gaban majalisar gari har aka amince. A watan Oktoba 2021 aka kafa allon tunawa da shi kusa da babban ɗakin taro na garin, inda ƙungiyar ta sha yin wasa kafin duniya ta san ta. A 2022 kuma aka buɗe sabon wurin shaƙatawa, aka raɗa wa dandamalinsa sunan Van Halen. Ka tuna yaran nan da ake kira wa 'yan sanda saboda sun cika unguwa da ƙara? To, garin ne da kansa ya gina dandamali da sunansu. Duniya ke nan!

Ɗan ma bai zauna ba. Wata guda da 'yan kwanaki bayan rasuwar ya saki waƙarsa Distance, da bidiyon da aka haɗa da tsofaffin hotunan gida, uba na wasa da ɗansa tun yana jariri. Kuɗin waƙar ya ce a kai gidauniyar Mr. Holland's Opus, wadda ta samo suna daga fim ɗin 1995 na jarumi Richard Dreyfuss kan wani malamin kiɗa. Aikinta raba kayan kiɗa ga makarantun 'ya'yan talakawa, kuma Eddie da ransa ya ba ta jita 75 a 2012. A watan Satumba 2022, a filin Wembley na Landan, Wolfgang ya ɗauki jita ya kaɗa waƙoƙin mahaifinsa biyu a gaban dubban mutane, jama'a suka dinga share hawaye. A bikin Oscar na 2024 ma an gan shi a dandamali yana kaɗa wa jarumi Ryan Gosling jita a waƙar fim ɗin Barbie.

'Yan kasuwa su ma sun shigo, kamar kullum. A 2023 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da jitar da Eddie ya riƙe a bidiyon Hot for Teacher a kan dala miliyan 3.9. A wannan shekarar mujallar Rolling Stone ta sa shi na 4 a jerin makaɗan jita 250 mafi girma a tarihi. Alex kuwa, wanda ya yi gum tun bayan rasuwar, sai a 2024 ya fitar da littafi mai suna Brothers kan rayuwarsu su biyu, tare da kiɗan ƙarshe da suka yi tare, wanda ba su kai ga kammalawa ba.

TSAYA KA KARANTA SUNAYE

Mutane da yawa da suka yi kukan Eddie ba su taɓa ganin sa ido da ido ba. Abin da suka sani shi ne akwai ranar da suka fara jin wannan sauti a rediyon mota ko a ɗakin wani aboki, kuma har yau suna iya faɗa maka inda suke a lokacin. Shi ya sa da ya tafi suka ji kamar wani yanki na ƙuruciyarsu aka ɗauke.

Mu 'yan kallo mun saba da fuskar jarumi, wani lokaci mu san mai waƙar, amma da wuya mu tambayi wanda ya zauna ya haɗa kiɗan da ya sa tsigar jikinmu ta tashi. Sunansa na can ƙarshen fim cikin ƙananan haruffa, lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

Don haka ga ɗan aiki. Duk ranar da ka samu fim ɗin Twister na 1996, in ya ƙare kada ka yi saurin kashewa. Bari sunaye su fara hawa. Za ka ji wata jita tana kuka a hankali, fiyano na raka ta a ƙasa. Sunan kiɗan Respect the Wind. Eddie ne da yayansa Alex, yaran nan biyu da suka sauka daga jirgin ruwa da dala 50.